Mece ce Kabala da ake jinginawa Yahudawa?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu ta gindin darbejiya wani ƙanena ya ce Kabala tsafin Yahudawa ce. Ban yarda ba, amma ba ni da hujja. Malamai, a fitar da mu duhu.

Malamin Allo, Garki:
Wa'alaikumus salam. Ƙanen naka ya yi gaggawa. Kalmar Ibrananci ce, ma'anarta abin da aka karɓa daga malami baki da baki. Tushenta ɗaya da ƙabuli na Larabci, wanda muke ji a ijabi da ƙabuli wajen ɗaurin aure. Ilimin baɗini ne a addininsu, kusan yadda tasawwufi yake a wurinmu. Babban littafinta, Zohar, ya bayyana a Sifaniya ƙarshen ƙarni na 13. Suna lissafa haruffa da lambobi, mai hisabi zai gane hanyar.

Hajiyar Ɗambatta:
Allah ya gafarta Malam, to "kabal" ɗin da ake cewa ta kanainaye fadar shugaban ƙasa fa?

Malamin Allo, Garki:
Daga nan Turawa suka aro ta, Hajiya, suka mai da ita ƴan ƙulle-ƙulle. Ba ruwan waɗancan da karatu.

Ɗan Ringim:
Na gode, Malam. Yau da yamma zai ji bayani.