Littafin Imam Gazali ya sa na fara tuhumar niyyata

Malamin Larabci, Tawa:

Assalamu alaikum, malamaina da ƴan'uwa. A hutun da ya wuce na sayi Al-Munƙizu minal Dalal na Imam Gazali a Babbar Kasuwar Yamai, na buɗe shi a cikin motar da ta ɗauko mu zuwa Tawa, kuma kafin mu kai Konni na iske wurin da ya hana ni sukuni har yau.

Wannan bawan Allah shi ne waziri Nizamul Mulki ya ɗora a kan kujerar karantarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a shekara ta 484 bayan Hijira, ɗalibai 300 suna ɗaukar karatu a gabansa. Amma da alƙalaminsa ya rubuta cewa da ya binciki niyyarsa sai ya tarar ba don Allah zalla yake karantarwa ba, son girma da yaɗuwar suna ne suke tura shi. Tun daga Rajab na 488 ya yi kusan wata 6 yana ɗaura niyyar tafiya yana warwarewa, har Allah ya ɗaure masa harshe ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi zama masa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya ya taso.

Ni ma ina karantarwa, kuma ina tafsiri a masallacin unguwarmu da azumi. Na san daɗin da nake ji idan masallaci ya cika, na kuma san yadda raina yake sosuwa idan aka ce jama'a sun koma wajen wani malami. Shin ya dace in ajiye tafsirin bana? Sannan yaya za a haɗa wannan irin bayyana aibin kai da hadisin da ya ce ana yafe wa al'umma duka ban da masu fallasa kansu?

Dattijon Wadata, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ina jin ba ka kai ƙarshen littafin ba, ko kuwa hawaye sun rufe maka shi. Gaskiya ne ya bar Bagadaza a Zulƙida na 488, ya nuna wa mutane Makka za shi alhali Sham ya nufa, domin kada halifa da abokansa su gane ba zai dawo ba. Ya yi kusan shekara 2 a can, yana hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe ƙofa ya wuni, daga baya ya je Baitul Muƙaddas, ya yi aikin hajji. Amma a Zulƙida na 499, bayan shekara 11, ya koma karantarwa a Naisabur, kuma ya bayyana cewa a da yana yaɗa ilimin da ake samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira zuwa ga ilimin da ake rabuwa da son girma da shi. Ka kuma lura cewa kafin ya fita sai da ya bar wa ƴaƴansa abin da za su ci.

An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyadu, ɗaya daga cikin magabata masu zuhudu, cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Idan ka tashi daga kan buzun nan, wa zai zauna, kuma tsofaffin da ba sa iya zuwa nesa bayan la'asar ina za su ji fassara? Shawarata ita ce ka yi tafsirinka, amma ka roƙi matasa su daina ɗaukar ka a waya suna watsawa a WhatsApp, sannan ka nemi almajirai biyu ko uku ka riƙa biya musu karatu a zaure ba tare da kowa ya sani ba. Abin da za ka ji a ranka idan an rasa mai yabo shi zai gaya maka inda kake.

Malama daga Tawa:

Allah ya gafarta malam, zan taɓa tambaya ta biyu. Hadisin ya yi bayanin kansa, domin ya kawo misalin wanda ya aikata saɓo da dare, Allah ya suturta shi, gari ya waye yana ba mutane labari. Gazali bai ba da labarin wani saɓo yana alfahari ba. Ciwon zuciya ya kwatanta, irin wanda yake kama masu ilimi, kuma ya faɗi maganin da ya sha.

Abin da ya sa yake girgiza mu, a ganina, shi ne ba mu saba ba. Mu an rene mu da kunya, kuma tarihin malamanmu kusan duka almajirai ne suke rubuta shi bayan rasuwarsu, sai yabo da karamomi, har yaro ya ɗauka cewa malami bai taɓa kokawa da ransa ba. Na karanta wa ɗalibaina mata wannan babi a islamiyya, kuma waɗanda ba su taɓa buɗe baki ba su ne suka fi yin tambaya a ranar.

Ɗalibi daga garin Sayi:

Tare da girmamawa ga Baba da Malama, kada mu manta cewa Imam ya rubuta littafin ne bayan ya haura shekara 50, lokacin da ya riga ya koma karantarwa, kuma a ciki yana amsa wa masu cewa ya koma ga abin da ya bari. Wannan ba ya rage gaskiyarsa, sai dai labari ne da aka tsara da manufa, bai kamata a mayar da shi ma'aunin da kowane malamin unguwa zai auna kansa da shi ba.

Malamin Larabci, Tawa:

Na gode, Baba, na koma na karanta babin ƙarshe a daren jiya. Zan yi tafsirin in Allah ya kai mu. Maganar waya ce ta fi yi mini nauyi, domin da na ɗaga murya zan gaya wa yaron da yake ɗauka ya daina, sai na ji bakina ya ƙi. Na bar shi sai bayan sallar Juma'a.