Na'urar biya da kati ba ta haɗe da kwamfuta, ya kuke daidaita lissafi?

Salamu alaikum ƴan uwa ƴan kasuwa. Ina da shagon kayan masarufi nan Maradi. Banki ya ba ni na'urar biya da kati mai sim nata, tana karɓar katin GIM-UEMOA (na bankunan ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa) da na Visa, amma ba ta haɗe da kwamfutar da muke rubuta ciniki. Da hannu yaro ke buga kuɗin, ranar cunkoso sai jika goma ta koma jika guda, sifiri ɗaya kawai ya faɗi.

Abin da ya fi damuna: mai saye ya sa lambar sirri, rezo ya yanke, rasit bai fito ba, shi kuma saƙo ya shigo wayarsa an cire kuɗi. In ba shi kaya, ko in jira rahoton rufe rana? Masu aiki da ita haka, don Allah ya kuke yi?