'Yata ta buɗe wa ƙawayenta taswirar inda take, ni kuma ta ce a'a

Abban Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san kan waya ce, da kuma iyaye irina.

'Yata ta fari ta shiga jami'a bana, nesa da gida. Kafin ta tafi na ce ta kunna min lokeshan ɗinta a Google Maps ta bar shi a kunne, don in riƙa ganin ta isa masauki lafiya ba sai na dame ta da kira ba. Ba ta ce min komai ba a lokacin. Daga baya ta bi ta wajen mahaifiyarta ta ce ba ta so. Na haƙura, ko da yake abin ya tsaya min a rai.

Sai ga ƙaninta ya nuna min taswirar Snapchat a wayarsa. Ga ɗan zanen fuskarta nan tsaye a kan ginin da take kwana, har da lokacin da ta buɗe manhajar na ƙarshe. Ya ce ƙawayenta duk suna gani, su ma tana ganinsu, kuma haka kowa yake yi yanzu. Cikin waɗanda ta karɓa a matsayin abokai akwai waɗanda ni ban san su ba, kuma ina shakkar ita ma ta san su ido da ido.

Abu biyu ke damuna. Me ya sa yarinya za ta yarda baƙi su san inda take kwana amma ta ƙi mahaifinta? Sannan bayan ƙawayen, wa kuma yake ganin wannan ɗigon? Ba na son in tilasta mata, don na san in na matsa za ta kunna, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Injiniya Bashir

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayar farko zan bar wa masu 'ya'ya manya. Ta biyu ce fannina.

Da yawa suna zaton tauraron ɗan'adam ne yake kallon mutum. Ba haka ba ne. Taurarin GPS na Amurka suna shawagi kusan kilomita 20,000 sama da ƙasa, kuma aikinsu kawai su riƙa watso saƙon lokaci da matsayinsu. Waya ce take sauraro, in ta ji aƙalla guda 4 sai ta lissafa inda take. Ba ta mayar musu da amsa. Wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. A cikin ɗaki, inda saƙon sama ba ya shiga sosai, waya tana duba sunayen Wi-Fi da ke kewaye da ita da kuma turakun kamfanin layi. Wannan na ƙarshen a lura da shi: ko an kashe lokeshan gaba ɗaya, kamfanin layi ya san turken da wayar take maƙale da shi, don in bai sani ba kira ba zai shigo ba.

To tauraro ba shi da laifi. Maganar tana wajen manhajojin da aka ba izinin karanta abin da wayar ta lissafa, da inda suke kai shi.

Na ga farkon abin nan. A 2009 da manhajar Foursquare ta fito, mutum ne da hannunsa yake danna cewa ga ni a wuri kaza, wanda ya fi kowa yawan zuwa wurin a naɗa shi magajin garinsa. Facebook ta kwaikwaya da Places a 2010. A shekarar ne ma wasu matasa 'yan Holan suka buɗe shafin Please Rob Me, suna tattara saƙonnin masu shelar sun bar gida, don su nuna wa mutane cewa ɓarawo ma yana karatu. Amma duk da haka a lokacin kai ne kake zaɓar lokacin da za ka yi magana. Abin ya juya ne a 2017. A shekara guda Google Maps ta kawo nuna wa mutum inda kake kai-tsaye, Snapchat ta fito da taswirarta a watan Yuni, WhatsApp ta biyo baya a Oktoba. Instagram ma ta shigo da tata taswirar a Agustan 2025. Yanzu sau ɗaya kake amincewa, daga nan wayar ta ci gaba da ba da labari ko ka manta da ita.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro ba su ma cikin jerin abokai. Akwai kamfanonin da sana'arsu sayen bayanan inda wayoyi suka bi daga hannun ƙananan manhajoji, irin na hasashen yanayi da wasanni, su sayar wa masu talla da duk mai kuɗi. Sukan ce ai babu suna a jiki. To a 2013 wasu masana sun binciki bayanan mutum miliyan 1.5, suka gano wurare 4 kacal tare da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Wayar da take kwana a gida guda kullum, ta wuni a ofis guda, ba ta buƙatar a rubuta mata suna.

Ummi K.

Baba, ina wuni. Ni sa'ar 'yarka ce, kuma tawa taswirar a kunne take, don haka bari in faɗi yadda muke ganin abin, da fatan ba za a ɗauka rashin kunya ba ne.

Ƙawata in ta ga ɗigona a wani wuri da ƙarfe tara na dare, ba za ta tambaye ni ba. In ma ta tambaya, cewa za ta yi in taho mata da wani abu. Mahaifina in ya gani, dole ya tambaya, don nauyina a wuyansa yake. Kuma taswira ba ta faɗin dalili. Ba za ta ce masa karatun rukuni muke yi ba, ko na raka wata asibiti. Wani lokaci ma ɗigon yakan yi tsalle ya nuna ka a ginin maƙwabta. Sai ya zama kullum kana shirya bayanin abin da ba laifi ba ne, kuma ko ba a tambaye ka ba kana tafiya da tunanin ana kallo. Ina ganin wannan 'yarka take gudu, ba wai tana ɓoye wani abu ba.

Amma gaskiya ko tsakaninmu abin yana da nauyi. Ranar da ka kashe, an lura. Akwai ƙawaye biyu da na sani da suka daina magana saboda ɗaya ta ga sauran sun taru wuri guda ba a kira ta ba. Akwai samarin da ke cewa in kina sona ki kunna min, in kin kashe kuma a ce me kike ɓoyewa. Kunnawa ba wuya, kashewar ce take zama kamar zargi. Da yawa cikinmu sun gaji da shi, kunyar kashewa ce ta hana.

Shawarata ita ce kada ka nemi na dindindin. A WhatsApp ana iya turawa na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, daga nan ya mutu da kansa. Ka ce ta turo maka ranar da take kan hanya. Ban san 'yar da za ta ƙi wannan ba, mu ma hankalinmu ya fi kwanciya in mun san wani yana bin motar da ido. Batun Snapchat kuma, akwai wurin da za ta zaɓi mutanen da za su gani kawai maimakon kowa da kowa, akwai kuma Ghost Mode da ke ɓoye ta gaba ɗaya. In ka ce ta rage jerin zuwa waɗanda ta sani da gaske, za ta ji wannan fiye da a ce ta ƙara ka a ciki.

Malam Sani Mai Lissafi

Ummi, Allah ya yi miki albarka, kin yi magana da ladabi, amma ban yarda da ke duka ba. Uba ba saurayi ba ne. Wanda zai tashi tsakar dare ya kama hanya in wani abu ya faru, shi ya fi cancanta ya san inda zai nufa. Ni a gidana duk muna kan taswira guda, har ni, kuma yaran suna ganina kamar yadda nake ganinsu. Sharaɗin da na ɗaura wa kaina shi ne ba na buɗewa sai in na kira ba a ɗauka ba.

Inda zan ja hankalin Alhaji shi ne kada ya ɗora wa abin amanar da ba zai iya ɗauka ba. Ɗigon nan waya yake nunawa. Yaron da ke son yawo zai bar ta a ɗaki ya fita, mugu kuma abu na farko da zai yi shi ne ya kashe ta. Caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke, ɗigo ya tsaya cik, uba ya kwana bai runtsa ba alhali yarinya tana barcinta.

Abban Hanifa

Na gode muku duka. Ummi, maganarki ta shige ni, musamman da kika ce taswira ba ta faɗin dalili. Na san halina, da na gani sai na tambaya. Zan gwada na ranar tafiya, in kuma yi mata maganar rage jerin ta bakin mahaifiyarta.

Injiniya, ka tayar min da wani hankalin. Na duba wayata na ga manhajar lokutan salla da alƙibla tana da izinin lokeshan a kowane lokaci. Ita ma a cire ta ke nan?

Injiniya Bashir

Ba sai ka cire ba, Alhaji, amma tambayar tana da tushe. A Nuwamban 2020 sashen Motherboard na jaridar Vice ya ruwaito cewa manhajar Muslim Pro tana ba wani kamfani mai suna X-Mode bayanan inda masu amfani da ita suke, shi kuma yana da abokan ciniki cikin 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanan kowa, suka kuma sanar da yanke hulɗa da kamfanin. A Janairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta hana X-Mode, wanda ya koma Outlogic, sayar da bayanan wurare masu sirri kamar asibitoci da wuraren ibada. Abin da ya ƙona min rai a labarin shi ne mutum ya ba da izini don ya san lokacin Asuba, ba don wani ya san masallacin da yake zuwa ba.

Manyan ma ba a bar su a baya ba. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano Google tana ci gaba da adana inda mutane suke ko sun dakatar da tarihin wurare, ta wani saitin daban. Maganar ta kai Google ta biya jihohin Amurka 40 dala miliyan 391.5 a 2022.

Lissafin lokacin salla garin da kake kawai yake buƙata, ba ƙofar gidanka ba. Yawancin irin waɗannan manhajoji suna barin ka rubuta sunan garin da hannu, sai ka janye izinin gaba ɗaya. In ba ta yarda ba, ka shiga saitin waya, wajen izinin manhajoji, ka mayar da shi sai lokacin da ake amfani da ita. Tun daga iOS 14 a iPhone, da Android 12 a wayoyin Android, akwai kuma maɓallin da ke hana manhaja sanin takamaiman wuri, sai dai yankin da kake. Taswirar tuƙi da manhajar kiran mota ne suke buƙatar takamaimai. Tocila da wasan yara ba su da abin yi da shi ko kaɗan.

Ga Malam Sani kuma, tsarinka na kowa ya ga kowa ya fi adalci, na yarda. Sai dai a tuna ko mutanen kirki in sun taru a taswira guda sukan tona abin da ba su yi niyya ba. Manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa taswirar hanyoyin da masu gudu suke bi, a Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura tana zana sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna zagaye su da gudu da na'urorinsu a kunne.

Maman Sadiq

Alhaji, in za a yi mata maganar, a haɗa da hotuna. Kyamarar waya tana iya liƙa wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. Manyan shafukan sada zumunta sukan goge shi daga abin da jama'a ke saukewa, amma in an tura hoton ta imel ko a matsayin fayil, yana tafiya da shi. A saitin kyamara ake kashewa.

Sannan ta san cewa in wayarta ta nuna mata gargaɗin cewa wata na'urar bibiya irin AirTag tana tafiya tare da ita, kada ta share saƙon. Tun 2024 iPhone da Android duka suna ba da wannan gargaɗin, kuma ana iya sa na'urar ta yi ƙara a gano ta a jaka ko a mota. In ta same ta kuma ba ta san mai ita ba, kada ta wuce masaukinta da ita, ta kai wa jami'an tsaron makaranta.