Wane suna za mu ba EVAP da Hausa?

Mai gareji a Yamai:
Salamu alaikum ƴan'uwa makanikai da malaman harshe. Suna nake nema. Motocin da ke shigo mana yanzu, musamman ƙirar Amurka, sai wutar gargaɗin inji da ke gaban direba ta kama, ka jona baliz, wato na'urar binciken mota, ta rubuto maka EVAP da lamba irin P0442 ko P0455. Mu mun san inda ta dosa, amma in mai mota ya tambaya sai mu shiga kame-kame, rabi Faransanci rabi nuni da hannu. Yaran gareji kuwa haddar lambobin kawai suke yi.

Ga abin, don wanda ba aikinsa ba ne. Esansi ko a cikin tanki yake, zafi na taɓa shi sai wani abu ya riƙa tashi daga jikinsa. A motocin da, ficewa yake yi iska ta ɗauka. Daga motocin 1970 a Kalifoniya, sannan Amurka baki ɗaya a 1971, aka hana sakinsa saboda yana ɓata iskar gari. Sai aka ja tiyo daga tanki zuwa wani mazubi cike da gawayi, gawayin ya riƙe shi. In inji ya ɗau zafi, kwamfutar mota ta buɗe wani bawul, inji ya janye abin da aka tara ya ƙone shi tare da mai. To abin da ke tashin, da mazubin, da bawul ɗin, me za mu kira su?

Mai tasi, layin Wadata:
Maigida, ai mu hayaƙin mai muke cewa. An gama.

Mai lantarkin mota:
Ba a gama ba, yayana. Hayaƙi sai bayan wuta ta ci abu, wannan kuwa wuta ba ta taɓa shi ba tukuna. Kuma ka ce wa mai mota hayaƙi, sai ya zagaya baya yana leƙen salansa, ya dawo ya ce maka ai tasa ba ta hayaƙi, cutarsa kake son yi. Sunan da zai tura mutum bayan mota alhali matsalar na bakin tanki, ba suna ba ne.

Malama mai fassara a rediyo:
Wa alaikumus salam. Ni ban san ƙarfe ba, amma kalmomin da ke kusa da abin guda uku ne: tururi, suraci da wari. Suraci ya riga ya tafi wajen magani, in ka faɗa sai a tuna mai mura ya lulluɓa da zane. Wari kuma ba shi ne abin ba, alamarsa ce. Tururi shi ne abin da ke tashi daga mai ruwa-ruwa in zafi ya same shi, kuma in an sanyaya shi ya koma ruwa. Ina ganin tururin mai ya zauna.

Mai tasi, layin Wadata:
Malama, tururi ana ganinsa. Wannan wa ya taɓa gani?

Mai lantarkin mota:
Kai ma ka gani, ba ka lura ba ne. Watan Afrilu da tsakar rana, in ana zuba maka mai, ka dubi bakin tanki ta gefe. Za ka ga iskar wurin tana rawa. Shi ne.

Baba, tsohon makanike a Tawa:
Salamu alaikum ɗiyana. Ni tun zamanin Peugeot 404 da 504 nike wanga aiki, karbirato munka sani, ba baliz ba. Amma in mota ta sha rana bisa hanyar Ƙonni, ka buɗe bushon tanki ta yi maka husss, cewa mukai tanki ya yi huci. Mi ya hana a ce hucin mai? Kalma ta da kowa ya sani, ba sai an zo da malami ba.

Mai gareji a Yamai:
Baba, Allah ya ƙara girma. Huci kalma ce mai kyau, shi ya sa ba na son a kashe ta a nan. A bar ta ga ƙarar da ake ji in an buɗe murfi, don tana da nata aikin wajen gano cuta. Ɗan huci kaɗan, a wasu motocin lafiya ce. Amma in hucin ya yi ƙarfi, kuma a gidan mai bindigar zuba mai ta riƙa katsewa tun tanki bai kai ko'ina ba, to hanyar iska ta toshe. A ƙasarmu kuwa ba sai an yi nisa ba wajen neman dalili: ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya. In muka kira tururin da kansa huci, da me za mu kira wannan?

Baba, tsohon makanike a Tawa:
To, na ji. Ban yarda dut ba, amma na ji.

Mai sayar da kayan mota:
Ku zo kan mazubin, nan ne cinikina. A kasuwa kanista ake cewa. Wasu yaran sukan zo su ce a ba su filtar gawayi.

Mai lantarkin mota:
Wannan filtar ita ce ba na so ko kaɗan, haka ma matatar gawayi in wani zai kawo ta. Yaro in ya ji filta, abin da hannunsa ya saba shi zai yi: ya wanke da esansi, ya busa da kwamfuresa. Gawayin nan ba tacewa yake yi ba, ajiya yake yi, kuma babban abokin gabarsa shi ne mai a ruwansa. Masu tasi, da ku nake. Bindiga ta katse, ku ce a ƙara, har ku riƙa girgiza mota don ta karɓi rabin lita. Wannan ƙarin tiyo yake bi ya faɗa cikin gawayi. Gawayin ya jiƙe, ya daina riƙe komai, wani lokaci ya farfashe ƙwayoyinsa su bi layi su maƙale a bawul.

Mai tasi, layin Wadata:
Mu da wuya mu cika tanki ma, ka yi da masu manyan motoci.

Malama mai fassara a rediyo:
Tukunyar gawayi ta fi daɗin baki, sai dai za a zaci ta girki ce. Gwangwani kuma bai dace ba, don na ji yawancinsu yanzu roba ne. Akwatin gawayi fa?

Mai sayar da kayan mota:
Ku faɗa wa mai mota akwatin gawayi, ban hana ba. Amma in kun aiko yaro wurina ya ce kanista, kar ya wuni yana yawo a rumfuna.

Mai gareji a Yamai:
Haka za a yi. Yanzu bawul, kuma biyu ne, nan yara suka fi rikicewa. Na gaba yana kusa da inji, shi baliz ke kira purge. A rufe yake zama, sai kwamfuta ta ba shi wuta ya buɗe. Na baya yana jikin akwatin gawayi, a buɗe yake zama don iska ta shiga ta fita, ba ya rufewa sai mota za ta gwada kanta ta ga ko akwai kafar da tururi ke fita.

Malama mai fassara a rediyo:
Ma'anar purge ɗin nan kusan yasa ce, yadda ake yashe rijiya a kwashe abin da ya taru a ciki. Bawul ɗin yasa?

Mai lantarkin mota:
Malama, ta fuskar ma'ana kin buga daidai, akwatin ake yashewa. Amma ni na fi son sunan da zai nuna wa yaro abin da zai yi da yatsansa. Gwajin ga shi: mota na aiki a tsaye, ka cire wayar bawul ɗin, ka zare tiyon da ya taho daga akwati, ka ɗora yatsa a bakin. In ka ji yana zuƙar yatsanka, ya maƙale a buɗe. Irin motar nan ce za ka ga ta sha mai a gidan mai ta ƙi tashi sai an daɗe ana murzawa, don tururi ya cika mata inji. Sai a je a canza batir da bujiya a banza. Bawul ɗin zuƙa nake so. Na baya kuma bawul ɗin numfashi.

Malama mai fassara a rediyo:
Na sallama zuƙa. Amma a rubutu zan riƙa cewa inji na yashe akwatin ta bawul ɗin zuƙa, kowa ya samu nasa.

Mai gareji a Yamai:
Madalla. Saura kalmar da ta fi ba ni wahala da masu mota. In na ce layin na yoyo, sai mutum ya durƙusa yana neman ɗigon mai a ƙasa, ba zai gani ba har abada. P0442 kafa ce kamar milimita ɗaya, P0456 rabin haka. P0455 ita ce babba, kuma kafin a taɓa komai murfin tanki ake dubawa: an ɗaure shi, robarsa ba ta tsage ba, ba na wata motar aka ɗora ba.

Baba, tsohon makanike a Tawa:
Yaro, ruwa ka yoyo. Iska sacewa takai. Ba ku cewa taya ta sace?

Mai lantarkin mota:
Baba, wannan kam ka gama da mu. Layin tururi na sacewa. Babbar sacewa, ƙaramar sacewa. Kuma a nan hayaƙin mai tasi zai samu wurin zama, don da na'urar hayaƙi ake neman kafar: a rufe bawul ɗin numfashi, a tura farin hayaƙi a hankali cikin layin, a haska tocila a ga inda yake fita. Ba da kwamfuresan mai faci ba, matsinsa ya fi ƙarfin layin nesa ba kusa ba, zai lalata ma'aunin da ke tanki, mai auna matsin da ke cikinsa.

Abu biyu kuma. Motocin da suka zo daga Turai galibi ba sa gwada sacewa, dokarsu ba ta tilasta ba, shi ya sa lambobin nan a ƙirar Amurka kuka fi gani, inda OBD-II, tsarin da mota ke binciken kanta da shi, ya zama dole tun 1996. Sannan in ka goge lamba wuta ta mutu, kar ka ce ka gyara. Motoci da yawa ba sa gwajin sai mai na tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari na tanki, wasu kuma in zafi ya yi yawa ba sa yi. Motar da ke yawo a Yamai da lita biyu a watan Mayu tana iya daɗewa ba ta gwada kanta ba.

Mai tasi, layin Wadata:
To ƙarar da Toyotar maƙwabcina ke yi cikin dare a ƙarƙashi, alhali a kashe take?

Mai lantarkin mota:
Wasu Toyota suna da ɗan famfo da ke tashi kamar awa biyar bayan an kashe mota, ya gwada sacewa na ƴan mintoci. Ka ce masa ya kwanta.

Mai gareji a Yamai:
Shi EVAP ɗin gaba ɗaya zan rubuta wa yara layin tururin mai a jikin allo. Malama, famfon daren nan da ma'aunin da ke tanki har yanzu ba su da suna. Ma'aunin matsi ya ishe shi, ko akwai wadda ta fi?

Malama mai fassara a rediyo:
Yana auna matsi, yana kuma auna zuƙa in na fahimce ku. Ku turo mini hotonsa tukuna in ga kamarsa.