Ina kama da Ahmed Musa: in karɓi tayin talla ko in bari?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan waya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, kuma Allah Ya yi ni da kama da ɗan ƙwallo Ahmed Musa kamar an tsaga kara. Tun da ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018 ban sake samun sakat ba: a cikin danfo a riƙa leƙen fuskata, a bakin masallacin Juma'a yara su kewaye ni, wasu kuma su biyo ni da takardar asibiti suna neman taimako, idan na rantse ba ni ba ne su tafi suna cewa rowa ce. Yanzu wani mai shagon kayan wasanni ya yi mini tayin kuɗi masu kauri domin in sa koriyar riga mai lamba 7 in fito a bidiyon tallarsa, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunan kowa ba, ni kuma kada in buɗe baki. Tunda ba zan faɗi ƙarya ba, shin akwai laifi a doka ko a addini?

Dattijon Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kama da wane ba ta wane, kuma mai shagon ya fi kowa sanin haka, shi ya sa ya gindaya maka sharaɗin yin shiru. Ba fuskarka yake saye ba, ruɗin da za ta jefa masu kallo a ciki yake saye, domin duk wanda ya ga wannan riga da wannan lamba zai ɗauka Ahmed Musa, mutumin da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014, shi ne ya yaba da kayan. Sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta yin sojan gona da niyyar yaudara, dokar damfara ta 2006 kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara. Ranar da magana ta tashi, mai shagon zai ce ɗan talla kawai ya ɗauka, fuskar da ke cikin bidiyon kuma taka ce. Ta fuskar addini, hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu ya zo ne a kan mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, wanda shi ma bai furta ƙarya ba.

Hajiyar Idi-Araba:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ban ga dalilin da zai sa a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Ƙanena, ka koma wurin mutumin ka ce ka amince, amma za a rubuta sunanka na gaskiya a kan bidiyon, za ka yi magana da muryarka ka bayyana cewa kama ce kawai, sannan a sa wannan a takardar yarjejeniya kowa ya sa hannu. Masu barkwanci da yawa a TikTok da irin wannan kama suke cin abinci a fili, jama'a kuma suna kallonsu ne saboda sun san ba shi ba ne. Idan ya janye ko ya zabtare kuɗin, to ka san abin da ya zo nema tun farko.

Direban Mile 12:
Ni tsaron lafiyarka ne ya fi damuna, ɗan'uwa. Da zarar bidiyon ya yaɗu babu bayani, masu mugun nufi za su ɗauke ka attajiri, alhali kai a ƙafa kake komawa gida daga tasha da dare, ba mai gadi, ba mota. Mu tuna cewa jita-jitar Jubril na Sudan, wadda aka ce wai Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani mai kama da shi, ta yi ƙarfin da sai da Shugaba Buhari ya fito da kansa a Poland a Disambar 2018 ya ƙaryata ta, duk da haka wasu ba su yarda ba, balle kai da ba ka da mai magana da yawunka.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Na kira shi na faɗa masa sharaɗin Hajiya, ya ce idan za a rubuta sunana, kuɗin zai ragu da fiye da rabi, rigar kuma dole ta zama mai lamba 7. Baba, idan sunana ya fito ɓaro-ɓaro a bidiyon, rigar kaɗai za ta iya jawo mini matsala?