Dokina mai ɗige-ɗige ya yi wata guda ba suna, ku taimaka

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi duƙushi ɗan shekara 3, wani mai kawo dabbobi kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya haɗa ni da shi. Jikinsa toka-toka ne, da ɗige-ɗigen fari a cinya da kuturi, kamar an yayyafa masa nono. Yau wata guda yana turke, sai dai mu ce "dokin nan". Ina so in hau shi Babbar Sallah, kuma ba na so in shiga fili da doki marar suna. Ni Damisa nake so, uwargida ta ce Zabo, ƙanena kuwa ya dage sai Buraƙa. Wanne ya fi?

Ɗan sukuwa daga Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya sa abin hawa ne. Damisa kai tsaye! Suna ne mai cika baki. Zabo fa? Ranar hawa ana kaɗa ganga a ƙofar Lamiɗo sai a ji ka ce a kawo maka Zabo? Mutane za su zaci miya ake nufi.

Hajiya daga Gidar: Kai ɗana, kar ka raina shawarar matarka. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Damisa kuwa kirarinta ƙi-sabo, kai da kake so doki ya saba da yaran gida? In kunyar Zabo kake ji, ka ce Jawngal da Fillanci, abu ɗaya ne, a Garwa ba wanda ba zai gane ba.

Malamin allo, Kusiri: Sa wa dabba suna ba laifi, Manzon Allah (SAW) yana da doki mai suna Luhaifu, da taguwa Ƙaswa'u, da alfadari Duldul. Amma Buraƙa ni dai ban so ba. Wata rana zai yi tutsu ka zage shi da sunan.

Dattijo, tsohon mai kula da barga, Ngaundere: Yaro, duk kun yi gaggawa. Kafin a yi maganar suna, ka san irin launin da ka saya? Mu a da ba ma wahala, launi shi ne suna: baƙi Akawal, fari Kili, ga Bidi, ga Gunya, mai manyan faci-facin fari Danda, mai toka da zane-zane Hurde. Yadda ka kwatanta naka, Hurde nake zato. Shi kuwa ba ya zama yadda ka gan shi. Kowace shekara in ya kaɗe gashi sai ya ƙara haske, ɗige-ɗigen su riƙa narkewa, har ya wayi gari fari fat. Na riƙe wani haka, an kawo shi kamar zabo, ya tsufa a hannuna ba ɗigo ko ɗaya, baƙi suna tambaya me ya sa ake ce masa Mai Zane.

Ga yadda za ka gane. Kai shi bakin Binuwai ka jiƙa shi sharaf, ka buɗa gashin inda farin yake. In fatar ƙasa ja-ja ce, wannan farin nasa ne har abada, ka sa Damisarka. In baƙa ce duk jiki, to zanen aro ne. Sai ka bar launi ka dubi hali: yadda yake kilisa, ko yana da zamiya, ko mai cin linzami ne. Kuma sunan ya zama gajere, gaɓa biyu, wanda za ka iya kira kana kan sirdi.

Ɗan sukuwa daga Marwa: Baba ya gama magana. Na janye, amma fa ban yarda da Zabo ba.

Mai tambaya, Garwa: Baba, Allah ya ƙara girma. Jiya da yamma na kai shi kogi, na duba cinya da kuturi duka, fatar baƙa ce wuluk. Ke nan Damisa ta faɗi. Abin da na lura, ko ganga ya ji daga nesa sai ya hau taka rawa a turke, don haka ina tunanin Takawa. Matsalar ita ce yara sun ji uwarsu, tun shekaranjiya Zabo suke kiransa, kuma ɗan banzan yana ɗaga kai.