Neman kalma kafin gobe: me za mu kira "battery life"?

Mai gabatar da shiri, Birnin Kabi: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe 4 na yamma nake da shirin matasa a rediyo, kan yaran da ke kwana suna buga wasannin waya irin su Free Fire da PUBG, gari ya waye suna neman wurin caji. Takardar da aka ba ni da Turanci take, ko'ina battery life. Na gwada "rayuwar batir" da baki, kunnena ya ƙi karɓa. Wace kalma ce mai saurare a Bunza ko Kalgo zai gane nan take?

Mai gyaran waya, Jega: Wa alaikumus salam. Riƙe caji. Duk wanda ya zo rumfata haka yake cewa, "wayar ga ba ta riƙe caji," in kuma gem yake bugawa ya ce tana shan caji. Amma yallaɓai ka duba takardar da kyau, abu biyu ne a ciki. Akwai awa nawa cajin yau zai kai ka, akwai kuma shekara nawa batirin zai yi kafin ya gaji ko ya kumbura. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da na kafinta, in ya cika ya ƙare sau 500, abin da zai riƙe kamar kashi 80 ne cikin 100 na farko. Wannan ba riƙe cajin yini ba ne, tsufa ne.

Malama, Yawuri: To na biyun ƙarko ne. Ƙarkon batir, yadda muke cewa atamfa mai ƙarko. Na farkon riƙe caji. An gama.

Baba Malam, Argungu: Ba a gama ba, ɗiyata. Batir ɗin Hausa ce? Caji fa? Kun ɗauko kalmomi biyu na Nasara kun sa masu hula, kun ce an fassara. Ni rumbun wuta nike cewa, don aikinsa ke nan, a zuba a riƙa ɗiba. Caji kuwa ɗurin wuta. Abin da yaron ga ke nema shi ne jimirin rumbu. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka, ba wanda ya kasa ganewa.

Malama, Yawuri: Allah ya ƙara girma Baba, amma littafi daga Larabci ya zo, ashana daga Yarbanci, mota daga Turanci. Batir ya yi jam'i, batura, ya zama ɗan gida tun zamanin tocila.

Ɗan Kamba: Mu nan bakin iyaka ma za ka ji mutanen Gaya suna cewa pil, daga Faransanci. Kowa da wanda ya raine shi.

Ɗalibi, Gusau: Me zai hana a duba abin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta tsayar? Ai daidaitacciyar Hausa ake yi a rediyo.

Baba Malam, Argungu: Ga ta nan. Kullum sai an tahi Kano an amso izini. Sakkwato ba ta da Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo? Mu da munka gaji Kanta, sai mu rasa sunan abin da ke cikin aljihunmu har wani ya raɗa muna? In yaro ya ce "munka" a makarufo a ce bai iya Hausa ba, in ya ce "caji" a tafa mai. Wannan ke ci mini rai, ba batir ba.

Ɗalibi, Gusau: Baba ni ma Bazamfare ne, ban raina harshenmu ba. Ƙa'idar rubutu nake nufi.

Mai gabatar da shiri: Don Allah a tausaya mini, dare na yi.

Ɗan gem, Birnin Kabi: Yaya, ni mai bugawa ne, bari in faɗi abin da muke gani. Yawancin Tecno da Infinix da ke hannunmu 5000 mAh ne, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka, amma waya biyu masu lamba ɗaya ba sa riƙe caji daidai. Hasken allo ke fara cinye shi, musamman a waje da rana. Sai saurin hoto, wato sau nawa allo ke sabunta hoto cikin sakan ɗaya: in ka ɗaga daga 60 zuwa 90 ko 120, santsi ya ƙaru, caji ya zube. In sabis ya yi rauni wayar na ƙara ƙarfin neman eriya, nan ma asara. Babban abin shi ne zafi. Masu ƙera waya kan ce kada yanayi ya wuce digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, ga mutum yana bugawa waya na jone da caji. Shi ya sa wasu Infinix GT suke da tsarin da wuta ke wuce batir ta tafi kai tsaye cikin injin. Kuma in waya ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, gem ya riƙa sarƙewa. Throttling suke cewa. Shi ma ba mu da sunansa.

Malama, Yawuri: Sassauta gudu?

Mai gyaran waya, Jega: Mu "ta ja baya" muke cewa, amma wayar da ta cika da hotuna ma haka muke ce mata. Bai bambance ba.

Baba Malam, Argungu: Jan linzami. Ita ke ja wa kanta linzami.

Ɗan gem, Birnin Kabi: Wannan kam ya zauna Baba, sai dai abokaina za su ce maganar doki ake.

Mai gabatar da shiri: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da riƙe caji da ƙarkon batir. Wurin bayanin mAh zan ce girman rumbun da ke ajiye wutar, don can kalmar Baba ta fi kowace fitar da ma'ana. Na zafin zan bayyana shi da jimla, waya ta rage gudu saboda zafi, sannan in tambayi masu bugo waya ko jan linzami ya yi musu.

Baba Malam, Argungu: Rumbu sau guda kawai, batir sau goma. To. Zan kunna rediyo ƙarfe 4, in ji yadda za ka faɗe shi.